Auta Ta Fara Ƙirgen Dangi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗiya take durƙusawa ta yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iso inda kike ba. Masu karanta ta su ne masu leƙa shafina don ganin sabon ɗinki, to yau sai su yi haƙuri, babu atamfa babu leshi. Labarin autarki Luba na zo ba ki. Ita ta ba ni izini, da sharaɗin kada in saka hotonta.

Bari in fara da ƙarshen maganar don kada hankalinki ya tashi: lafiyarta lau. Amma kusan duk bazarar bana yarinyar nan shirin mutuwa take yi a cikin gidana, muna cin tuwo kwano ɗaya, ban sani ba.

Mutanen gida kowa yana nan, har da jikanki da nake goyo. Baba yana Shinkafi da rumfarsa ta hatsi, ya ƙi ƙara aure, ya kuma ƙi yarda cewa ya tsufa. Ƙanena Sani yana karatu a nan Kaura, yana zuwa cin abinci ba a gayyace shi ba. Goggo Hanne, yayar Baba, wadda kuka tashi unguwa ɗaya, ta baro ƙauyensu na wajen Zurmi tun da mutane suka watse, tana ɗakin da ke kusa da nawa. Luba kuma tana hannuna tun bayan sadakar arba'in ɗinki, damina biyu ke nan.

Da za ki gan ta, sai kin ƙara dubawa. Ƙafa ce ta fara girma, takalmina take sakawa yanzu, ba tare da ta tambaya ba. Sai tsawo ya biyo baya. Siket ɗin makarantarta na warware masa ninki har ninkin ya ƙare. Ci kamar mai noma, barci kuwa sai an yi da gaske take tashi asuba. Ƙuraje sun feso mata a goshi, ta mai da madubin shagona nata.

Wannan duk mai sauƙi ne, tef ɗin awo yana nuna mini shi. Abin da tef ba ya aunawa shi ne kanta. Yarinyar da kika bari, in an ce mata zauna sai ta zauna. Wannan kuwa sai ta ji dalili. Da azumi ta tsare Sani da tambayar me ya sa mutanen Jangeru za su tashi da azumi yau, 'yan'uwansu na tsallaken iyaka sai gobe, alhali wata ɗaya ne a sama. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce ta cika surutu. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Ni ma ban tsira ba, kullum muna cikin musu, kuma abin haushin sau da yawa ita ce da gaskiya.

Wata ranar Juma'a da hantsi, ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, Goggo tana zaune a tabarma tana gyaran zogale, ni ina kan keken ɗinki. Goggo ta bi ta da kallo, ta juyo wurina ta ce, "Ke, kin ko lura da ɗiyag ga? Ta hwara ƙirgen dangi." Na ce na gani, na yi ajiyar zuciya, don ni lissafin sababbin riguna da manyan hijabai nake yi. Goggo ta ƙara da cewa, "Haka uwatta ta yi, da wuri ta hwara. Gado na." Muka ci gaba da aikinmu. Luba ta shige ɗaki.

Ke kin san abin da ake nufi, duk macen da ta girma a ƙasar nan ta sani: ƙirjin yarinya ya fara tasowa, girma ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe Luba ba ta taɓa jin kalmar ba. Ƙirgen dangi guda ɗaya ta sani a duniya, kuma naki ne.

Kin tuna kwanakinki na ƙarshe, bayan an sallamo ki daga asibiti an ce a koma gida. Kina kwance a ɗakinki na Shinkafi, kina lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya kina kiran sunaye. Kawu na Jangeru ya zo. Mutanen Kurya ba su zo ba, hanya ba ta biyuwa. Na Zurmi a kira su a waya. A kara miki wayar a kunne, ki ce, "Ku yahe mani, ni na yahe maku." In an gama da wannan ki lanƙwasa wani yatsan. Luba tana wajen ƙafafunki da mafici. Mun ɗauka ƙaramar yarinya ce, fifita kawai take yi. Har abin da wata maƙwabciya ta faɗa a bakin ƙofa ta riƙe, cewa tunda Rabi ta fara ƙirga danginta, sai dai addu'a.

Daga ranar Juma'ar nan sai muka samu sabuwar yarinya a gida. Musu ya ɗauke ɗif. Tana riga ni tashi, ta share tsakar gida, ta wanke wa Goggo kaya. Ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis. 'Yan kunnenta na Sallar bara ta ba Ummi 'yar maƙwabta, jakar makarantarta mai kyau ta ba wata. Kullum da yamma sai ta ari wayata ta kira wani a dangi, ta gaishe shi, ta ce ya yafe mata. Kawu ya kira ni daga Jangeru yana ta sa albarka, wai na iya tarbiyya. Na karɓi yabon hannu biyu. Sani ma ta ce ta yafe masa duk ranƙwashin da ya taɓa yi mata, ya ce Allah Ya sa ba aljanu ba ne suka shige ta.

Cikin zafin nan na bazara, da ƙaton hijabi take yini a tsakar gida, kafaɗu a ranƙwafe. Na ce kunya ce irin ta masu tasowa, mu ma mun yi.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah na yanko mana atamfa. Bayan la'asar na kira ta shago, na ɗauko tef na ce ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Yaya, ki bar shi, kada a ɓata atamfa." Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce, "In dai za ki yi mani wani abu, ki roƙi Baba a kai ni Shinkafi. Kusa da Inna nika so a sa ni."

Inna, ba kuka take yi ba. Da kuka take yi da abin ya fi mini sauƙi. A tsaye take, ta jero mini hujjojinta kamar mai bayani gaban alƙali. Akwai wani abu mai tauri kamar ƙwallon magarya a ƙirjinta, gefen hagu, gefen da naki ya fara. Yana ciwo in an taɓa. Ɗaya gefen babu komai, don haka ba girma ba ne, da girma ne da tare za su fito. Ta taɓa jin likita a rediyo yana cewa ciwon daji irin naki yana bin jini. Goggo ta ce gado ne, ta ce ke ma haka kika fara. Ni kuma na ce na gani, na yi ajiyar zuciya. Ta ce tun ranar ta gane mun sani, ɓoye mata muke yi yadda muka ɓoye miki da farko.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ta ga abin da zirga-zirgar asibiti ta yi wa Baba, ta ga yadda muke fita ba mu san ko hanya za ta bar mu mu dawo ba, kuma duk da haka kika tafi. Ba ta so in bi wannan hanyar da goyo a bayana saboda ita.

Na nemi kujera na zauna. Tsoro ne ya kama ni, ba na ciwo ba, na yadda yarinyar da nake aike sayen zare ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai, ta tsara shi, ta yanke hukunci, har ta tausaya mana. Tunanin ba shi da aibu ko ɗaya, Inna. Kowace hujja ta hau kan 'yar'uwarta daidai. Kalma ɗaya ce kawai ba a fassara mata ba.

Na yi mata bayani, ba ta yarda ba. Ta ce ai haka muka riƙa ce miki za ki warke. Washegari na saka ta a keke napep muka tafi asibiti, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma sai da na ji daga bakin ma'aikaciyar jinya sannan numfashina ya daidaita. Matar ta duba ta, ta ce lafiya ƙalau, haka abin yake farawa, sau da yawa gefe ɗaya yake riga ɗaya, da tauri da ɗan ciwo, ɗayan yana nan tafe. Ta zaunar da ita ta faɗa mata sauran abin da ke gaba, al'ada da yadda ake tsafta, da saurin fushi da kukan da ba dalili. Sannan ta juyo kaina ta ce ni ce ya kamata in riƙa zuwa ana duba ni, tunda ga abin da ya ɗauke ki. Na je, kuma zan ci gaba da zuwa.

Kina tsammanin murna ta yi? Ko kallona ba ta yi ba har muka iso gida. Da Goggo ta ji labari ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, daga nan dariyar ta koma kuka, tana cewa, "Wayyo ɗiyata, ni girma nika nuhi, girma!" Luba ta dube ta ta ce, "To ku riƙa faɗin abin da kuka nuhi mana." Ta shiga ɗaki ta bugo ƙofa. Kafin magariba ta je gidan su Ummi ta karɓo 'yan kunnenta. Da Sani ya zo cin tuwo ta sanar da shi cewa yafiyar nan ta janye ta. A ranar na san autarki ta dawo.

Na yi ta tunanin wa ya kamata ya faɗa mata tun farko. Ni ba ke kika faɗa mini ba. Ke da ko sunana ba ki taɓa kira ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", ina za ki iya wannan zancen da 'yar fari? Kaka ce ta faɗa mini, cikin tsokana, tana tsefe mini kai, tana cewa na kusa ƙwace mata miji. A gidanmu na da, yarinya ba ta rasa kaka ko goggo ko 'yar ɗaki da za ta ja ta gefe. Yanzu Kaka ta riga ki tafiya, gidan ya rabu uku, wasu a Gusau, wasu a inda ba mu da lambarsu. Kowa ya ɗauka wani ya faɗa mata. Mun ci gaba da magana a dunƙule kamar yadda muka gada, alhali masu warware dunƙulen ba su nan.

Yanzu muna magana, ni da ita. Ba ta da daɗi kullum, don tambayoyinta ba su da birki, wani lokacin sai in ce ta bari in gama wuyan rigar nan tukuna. Amma ina amsawa. Wanda ban sani ba in ce ban sani ba, ta fi yarda da wannan.

Ranar da na sake kiran ta awo, ta ɗaga hannu ba musu. Ina durƙushe ina auna tsawon siket, sai na ji ta ce, "Yaya, kin san abin da ya sa ban ji tsoro sosai ba?" Na ce a'a. Ta ce, "Na ɗauka kafin Sallah zan ga Inna." Ta sunkuyo ta dube ni. Can ta ce, "To yanzu sai yaushe?"

Wannan tana cikin waɗanda ban sani ba. Na ce ta tsaya sosai kada awon ya karkace. Da na zo yanka, na bar mata ninki mai faɗi a ƙasan siket ɗin, wanda zan yi ta warwarewa bana da baɗi, don ma'aikaciyar jinyar ta ce tsawon bai gama zuwa ba.

Inna, na san kina kewar autarki, ita ma tana kewarki fiye da yadda na zata. Amma ki yi haƙuri, ki ƙara jira. Ba yanzu za mu ba ki ita ba. Akwai atamfofi da yawa da ban ɗinka mata ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya raya Luba, Ya ba ta tsawon rai da lafiya, Ya sa sai ta ga jikokinta suna yi mata musu kafin ku gana. Ya haɗa mu duka a Aljanna, inda ba sai an ƙirga wanda bai samu zuwa ba. Amin.

Wassalam. Ni ce 'yarki ta fari, ba sai na sa suna ba,

Yarinyar nan,
daga Kaura Namoda.