Motar da Inshora Ta Ce Kondem Ce, Na Shige Ta a Madina

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure, manyanku da ƙananku. Don Allah ku ba ni shawara, kuma admin ki ɓoye sunana, mutanen unguwarmu Nima a nan Accra ba sa wahalar gane mutum. Ni ban yi boko ba, magana na yi a waya admin ta rubuta, na kuma gaya mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, don Hausata ba ta neman gyara, kakana daga Kano ya iso ƙasar nan da fataucin goro. Abin da ya kawo ni shi ne ƙanin marigayi mijina, bari in kira shi Ɗanlami, ba sunansa ba ne. Yana kwance, likitoci sun sallamo shi gida, kun dai san ma'anar wannan. Ya aiko in zo in yafe masa, ni kuwa har yanzu ƙafata ba ta taka ƙofarsa ba. Ku saurara ku ji dalili kafin ku ce tsohuwa ta cika taurin kai.

A zamanin sojoji, bayan shekarar yunwar nan da ta sa kowa ya rame, maigidana yana tuƙa taksi. Ƙaramar mota ce ta Japan, kuma ba tasa ba ce shi kaɗai, adashina na sana'ar waakye, wato shinkafa da wake, yana ciki, 'yan kunnena na zinari na aure suna ciki. Kullum da safe shi yake kai ni wurin sana'ata, tukunya a but, ni a gaba kamar matar minista. Wanda ya sayar mana da motar ya ce sai an yi mata babbar inshora kafin a gama biyansa, wadda ko kai ka yi laifi za su gyara maka, haka muka ci gaba da biya ko bayan mun gama da shi, ina ta ƙorafi cewa muna ciyar da mutanen da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba.

Da damina wata babbar motar albasa ta buge shi a hanyar dawowa daga Madina, wata unguwa a gefen Accra. Ya karye a ƙugu, aka kwantar da shi asibiti, motar kuma aka ja ta zuwa garejin wani makanike a Maamobi. Na je na gan ta da idona. Gaban ya lotse, gilashi ya tarwatse, ƙofar direba ta shige ciki, amma bayan motar lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Makaniken nan ya dafa ƙirji ya ce mini, Mma, kada ki damu, na tashi waɗanda suka fi wannan muni, in inshora ta ba da kuɗin kaya sai dai ki zo ki ɗauki makulli.

To a gidansu maigidana Ɗanlami ne kaɗai ya yi boko, yana aikin akawu a cikin gari, don haka shi aka ba zancen inshora. Shi ya zo da wani mutum mai laima da farin takalmi wai shi ne mai duba ɓarna. Ina tsaye a wurin. Mutumin nan ko bonet bai ɗaga ba, ya zaga motar yana taka ƙasa a hankali kada taɓo ya taɓa shi, shi da Ɗanlami suna hira da yaren Twi suna dariya, da suka lura ina jin Twi sai suka koma Turanci. Wannan komawar tana cikin kunnena har yau. Da suka gama Ɗanlami ya ce mini, Yaya, sai haƙuri, an ce motar kondem ce. Na ce mene ne kondem kuma. Ya ce ta mutu, kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta, za su biya mu su ɗauke gawar. Na juya wajen makanike na ce kai fa, ba kai ka dafa ƙirji ba. Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma, wai da ya shiga ƙarƙashi ya ga shasi, ƙarfen da ke ɗauke da motar, ya lanƙwashe. Yaushe ya shiga ƙarƙashin, Allah kaɗai ya sani, rigarsa dai a bushe take ranar.

Na ce to a bar mini gawar, in ta ruɓe a ƙofar gidana ta ruɓe, tawa ce. Ɗanlami ya ce doka ba ta yarda ba, in sun biya gawa tasu ce. Aka kai wa maigidana takarda a gadon asibiti ya dangwala, yana cikin zafin ciwo. Kuɗin kuma ba su fito ba sai da darajar kuɗinmu sidi ta zube, da suka iso hannunmu ko keken kirki sai an yi ciniki. Asibiti ta cinye sauran. Maigidana ya tashi da sanda, bai ƙara riƙe sitiyari ba har ya koma ga Allah.

Ni a fahimtata, abin da aka ce ya mutu ya mutu, na ɗauka za a yanka ta ne a sayar wa maƙera su yi murhu da bokiti. Na yi kukana na share. Shekara ba ta daɗe da zagayowa ba sai ga Ɗanlami, ɗan akawun da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya sayi taksi ya ba direba tana aikin Madina. Irin tamu sak, sai dai fenti daban, lamba daban. Muka yi masa murna, har na dafa abinci aka kai masallaci sadaka. Zuciyata ta ɗan motsa amma na ce mata ki zauna, irin motar nan sun cika Accra.

Sai ranar wani suna a Madina, aka ba ni aikin waakye, na ce direban Ɗanlami ya zo ya ɗauke ni. Ya buɗe but. Jama'a, a tabarmar robar da ke ciki akwai zagayen ƙuna. Ni na yi wannan ƙunar, wata safiya da muka makara na ɗora tukunya daga wuta ba tare da na shimfiɗa buhu ba, maigidana ya yi ta faɗa har muka isa. Tukunyata kuma tana da lotsa a gindi, don haka zagayen bai cika ba, yana da giɓi a gefe. Na ɗora tukunyar a kai, ta zauna daram, lotsa a kan giɓi. Na shiga gaba na zauna, har muka dawo direba yana ta tambaya ko ba ni da lafiya.

Da na gaya wa maigidana, ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya ce tabarmar but ai a kasuwar kayan mota ake sayar da ita, in an farfasa mota kowa ya sayi abin da ya samu. Na ce to a cikin duk tabarmin Accra sai tamu ta faɗo a motar ƙaninka. Ya ce in ina neman zaman lafiya da shi kada in ƙara tayar da maganar, ciki ɗaya suka fito. A yadda ya faɗe ta, har yau ban sani ba ko kare ɗan'uwansa yake yi, ko shi ma ya san wani abu da aka ɓoye mini don ni mace ce kuma kuɗina na ciki.

Ga inda abin ya ɗaure. Kun san tsakanin matar wa da ƙanin miji akwai wasa, shi yana ce mini matata, ni ina ce masa mijin wahala. Da aka hana ni magana ta gaskiya sai na bi ta ƙofar wasa. Ɗanlami ya shigo gida na ce sannu ɓarawon mota. Ko gezau bai yi ba, ya yi dariya ya ce matata, ai abin mata na miji ne, zuba mini waakye da ƙwai. Kowa ya fashe da dariya. Daga ranar sunan ya bi shi. A biki ɓarawon mota, a Sallah ɓarawon mota, 'ya'yana suka taso suna jin haka suna dariya, jikoki ma suka ɗauka. Ni ina faɗa ina kallon cikin idonsa, shi yana amsawa yana kallon cikin nawa, mu biyu kaɗai muka san ko wasa ne ko ba wasa ba, kuma ni ɗin ma rabi na sani. Na jefa magana mafi nauyi a rayuwata, wasa ya haɗiye ta.

Kuma ba zan ci amanarsa ba, mutumin nan ya riƙe mu. Kowace Juma'a yana aiko da cefane, shi ya biya wa yarana makaranta, shi ya yi wa maigidana sutura. Motar nan ta haifi wata, har ya kai ga trotro, bas ɗin haya. Ni kuwa duk abin da ya kawo sai na rusuna na ce mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Ni da ban taɓa roƙon gishiri a gidan maƙwabta ba. In alheri ne ya yi, to na zalunce shi da zargi shekara da shekaru. In kuwa daga motata yake gutsuro mini, to na tsufa ina godiya a kan abin da yake nawa, kuma wannan ita ce ta fi ci mini rai, ta fi motar kanta.

Babban ɗana ya yi karatu, na taɓa tambayarsa a kaikaice. Ya ce Mma, in inshora ta ce mota kondem ce ba wai ta mutu ba ne, lissafi ne kawai, suna sayar da ita gwanjo, kowa yana da ikon saya ya gyara, ko da Baba Ƙarami ya saya bai karya doka ba. Na ce na ji, amma wa ya kawo mai laima, wa ya juya harshe zuwa Turanci, wa ya ce mini ba a barin gawa. In ma daga baya ya gan ta a gwanjo ya saya, me ya hana shi zuwa ya ce Yaya ga motarku na tashe ta. Ɗana ya ce in bar tone-tone, mutumin da ya zame musu uba. Makaniken ya rasu, mai laima ban ƙara ganinsa ba, maigidana ya tafi da abin da ya sani. Saura mutum ɗaya, kuma numfashinsa ya fara gajarta.

'Yarsa ce ta zo da saƙon. Ta ce Baba ya nemi gafarar kowa, an yafe masa, saura ke, ya ce a gaya wa matarsa ta zo ta yafe wa ɓarawon mota. Tana faɗa tana murmushi da hawaye, ita a ganinta tsohonta yana wasa har a bakin kabari. Shekarun nan duka ni nake kiransa da sunan, bai taɓa kiran kansa da shi ba sai yanzu. Ko amsa laifi ne ya aiko mini a cikin rigar wasa, don ya samu yafiya ba tare da 'ya'yansa sun san komai ba, ko kuwa wasan ne kawai na mutumin da bai taɓa cutata ba. Na san wayonsa, zai iya duka biyun.

Malamin unguwarmu ya ce in je in ce na yafe duniya da lahira, in bar wa Allah sauran. Amma ni bakina bai saba faɗin abin da zuciyata ba ta sa hannu ba. In na je na fitar da kowa daga ɗaki na ce Ɗanlami yau ba wasa, gaya mini gaskiya, ina tsoron in ɗora wa mai shirin tafiya nauyi, in kuma ya zama ba shi da laifi ya mutu da sanin cewa duk dariyar nan da gaske nake. In ya amsa kuma, ban san ko zan iya yafewa nan take ba, ga 'ya'yana da nasa a bakin ƙofa suna jira in fito da fuskar da za su karanta. In na yi shiru na yafe a dunƙule, zan bi shi kabari ban san ko godiya yake bina ko ni nake binsa ban haƙuri ba.

Don Allah masu ilimin addini da waɗanda suka san aikin inshora na wancan zamani, ku gaya mini, ana barin mai mota ya riƙe gawar motarsa ko ƙarya aka yi mini. Kuma yafiyar da mutum bai san abin da yake yafewa ba, tana karɓuwa? In tambaye shi ko in rufe bakina? Ku amsa da wuri, 'yar ta sake kira ɗazu, ta ce ya daina karɓar koko, kuma duk wanda ya ɗaga labule sai tsohon ya tambaya ko ni ce.