Ƙodar Inna Zinariya

Yantala, Yamai, Fabrairu 1985

Zuwa ga Kawuna Alhaji Tanimu, a Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ya kuke fama da shekarar nan ta rashin ruwa? Allah ya kawo sauƙi.

Kawu, Inna Zinariya ta kamo hanyar gida, kuma na san ba za ta gaya maka abin da ya faru ba, don haka ni zan faɗa. Ƙodojina duka biyu sun gaji. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin maza nake sawa, koyarwa a lakwal, makarantar boko, kuwa na ajiye ta. Likitoci sun ce sai a kai ni Faransa a dasa mini ƙodar wani. Gwamnati tana kai ma'aikacinta, amma sai majalisar likitoci ta yarda, ita kuma ba ta yarda sai ka kawo ɗan'uwa na jini da ya amince da bakinsa zai bayar. Ni dai an gama awona. An ɗebi jinina har na roƙe su su bar mini na komawa gida, an ɗauki hoton ƙirji, an auna zuciya, haƙora ma sai da aka leƙa kamar za a sayi jaki. Duk na wuce. Baba ya rasu, ƙannena yara ne, saura Inna.

Da aka shigar da mu, likitan, wani Bature, ya sa aka tambaye ta, "Wannan ɗiyarki ce?" Kawu, ka san ƙanwarka. Ta ja mayafi, ta juya wajen bango, ta ce, "Ɗiyar Hadizatu ce." Ya nuna ni, ya ce to ta faɗi sunana. Ta yi gum. Matar da ke fassara ta yi ta bayani cewa haka uwa take kunyar ɗan fari a wurinmu, ba ta kama sunansa, ba ta nuna nata ne. Ya ce shi bai ga uwa ba, ramammiyar mace ya gani daga ƙauye, a shekarar da yunwa ke sa mutane sayar da komai. Wai sayo ta muka yi! Takardar haihuwata kuma sunan Gwaggo Hadizatu ke ciki, tunda ita ta riƙe ni tun yaye. Ya ce ba zai aika jininta awo ba sai ta faɗa a gaban majalisa, kuma ko ta faɗa, ta rame da yawa.

Na san al'ada, Kawu, cikinta na girma. Amma na ji zafi. Majalisa za ta zauna kafin azumi, in ba ni da mai bayarwa za a ba wani gurbina. Ka yi mata magana.

Ɗiyarka,
Raliya

Tawa, Maris 1985

Zuwa ga ɗiyata Raliya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah. Muna yi miki addu'a bayan kowace salla.

Mahaifiyarki ta sauka lafiya. Ban yi mata maganar ba, kuma ba zan yi ba. Mace mai mutunci ta riƙe kunyarta tun ranar da aka haife ki, yanzu kina so in ce ta tsaya gaban maza, har da soja, ta yaye ta? Ki tuna kakarki har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban rasa komai ba. Bayan haka, ban gamsu da a yanka mai lafiya a ciro abin da Allah ya ajiye mata ba. Tana da marayu huɗu a gida, rumbu babu ko zangarniya, shanu sun ƙare. In ta tafi ba ta dawo ba, wa zai riƙe su?

Rai yana hannun Allah, ba hannun Bature ba. Na aiko miki da saiwoyi da rubutu ta hannun Idrisa direba, ki sha da yaƙini. Kuma ki rage kaifin alƙalami, kin san ana buɗe wasiƙu a hanya.

Ki gaishe da Hadizatu. Na bar ki lafiya.

Kawunki,
Alhaji Tanimu

Yantala, Maris 1985

Kawu,

Ina gaisuwa, a gaishe da gida. Rubutun na sha, na gode. Saiwoyin kuwa, likita ya ce in na sha sai gawata, Gwaggo ta hura wuta da su.

Masu buɗe wasiƙu su karanta da kyau, ƙila a cikinsu akwai mai ƙodar bayarwa. Na san rai a hannun Allah yake, shi ya sa ba zan miƙa shi ga kunya ba. Kai ba ka rasa komai ba don Kaka ba ta kira sunanka ba, ai ƙodarka lafiya lau take.

Na hau unguwar Filato da ƙafafun nan nawa, na zauna ƙofar ofishin kanal ɗin da ke shugabantar majalisa. Sojan ƙofa ya ce in tashi, na ce ya ɗaga ni in zai iya, ruwan da ke jikina kaɗai ya fi shi nauyi. Da kanal ya fito na ce masa dokarsu ba ta san yadda uwayenmu suke ba. Ya ce tasa uwar ma haka take, amma Faransa ba ta karɓar shiru. Ya yarda a bar sunana har ranar zama, bai ƙara komai ba.

Maganar marayu gaskiya ce, ita ce take hana ni sukuni. Don haka na janye roƙona, kada a matsa wa Inna. Ranar zama zan je ko ni kaɗai, in tsaya su dube ni ido da ido kafin su soke ni. Ba zan mutu cikin ladabi a bayan ɗaki ba.

Ɗiyarka mai taurin kai,
Raliya

Tawa, Afrilu 1985

Raliya,

Bayan sallama da fatan sauƙi, ina rubuto miki cikin ɓacin rai.

Ban san abin da kuka yi wa Zinariya a Yamai ba. Matar da tun farkon yunwar nan take tura wa yara kwanonta ta ce ta ƙoshi, tun da ta dawo ci take yi kamar mai aikin gini. Jar dawar taimako da ake rabawa, tana cinye rabonta tas. Gidan suna ta je ta nemi ƙari, a gaban surukai! Ta shiga gidana ta sha nonon akuyar da aka ajiye mini, ko kallona ba ta yi ba. Mata suna ta magana a bakin rijiya, har ana tambayata ko a nemo mata malami.

Shekaranjiya kuma ta kawo yaran ta zube mini a zaure, ta ce ni da na damu da marayu ga su nan. Idrisa ya ce ya gan ta saman motar albasa mai zuwa Yamai, ba takardar hanya, ba rakiya, ga jandarmomi a kowane shinge. In ta iso, ki juyo mini da ita.

Kawunki,
Alhaji Tanimu

Yantala, Mayu 1985

Yaya Tanimu,

Ni ce Zinariya. Ina gaishe ka, ina gaishe da yara. Ban iya rubutu ba, na sa wadda ke kusa ta riƙe alƙalami, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara.

Nononka na sha, ka yafe. Bature ya ce na rame, shi ya sa. Wannan karon ya ɗora ni bisa ma'auni, ya ce yanzu da dama.

Na shiga majalisar. Maza ne cike da ɗaki, sojan yana tsakiya. Na ji kamar in nutse ƙasa. Da suka tambaya, na sauke mayafi na ce, "Raliya sunanta. Ɗiyata ce, ni na haife ta a ɗakin uwata, ita ce ta fari." Na faɗa da ƙarfi, har na waje sun ji. In garin Tawa zai yi magana, ya yi.

Jinina ya tafi awo ya dawo, sun ce ya dace. Jirgi bayan salla. Sun ce akwai hatsari, kuma jiki yana iya ƙin baƙon abu. Na ce musu ba baƙuwarta ba ce, wata tara ta yi kwance kusa da ƙodar nan.

Mai rubutun tana kuka tana ɓata takarda, don haka na tsaya nan. Ka riƙe mini yara har in dawo. In ban dawo ba, ka riƙe su dai.

Ƙanwarka,
Zinariya, uwar Raliya