Tsakar da Kika Bar Mini

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san wannan takarda ba mai kai miki ita. In na gama zan naɗe ta in cusa a jinkar bukkar gona, gara ta cinye. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke raina sai ke.

Gida lafiya, a ido. An yanke gero, an ɗaure. Akuyarki ta haifi biyu. An gama ginin sabuwar makarantar nan da kike ta ɗoki, har malami ya zo ƙofar gida da sunanki a takarda, bai ji labari ba. Innarki ce ta fito. Tun ranar ba ta ƙara tuwon kirki ba.

Tsakarki tana nan da rai, Uwani. Na ce wa kowa na jefar da ita, ƙarya na yi. Tana bukkar gona, cikin ƙwaryar da kika shimfiɗa wa auduga. Har yanzu kanta a karkace yake. In ta tashi tafiya sai ta yi ta zagaye wuri ɗaya, ta kife, ta bar cikin nan fari a sama, ƙafafu na rawa. Sai na sa tsinke na juyo ta. Ko ta kai wa ƙuda cafka, gefe take kaiwa. Ni da na daka miki tsawa na ce ki fitar mini da wannan ƙazanta daga gida, yau ni ne nake tona gidan gara, ina tsinto ƙananan, ina miƙa mata a baki kamar yadda na hango kina yi a bayan rumbu. Ke yaya kike yi take karɓa? Me kike ce mata? Yau kwana huɗu ke nan ba ta haɗiyi komai ba. Saɓar da ta yi ta maƙale mata a yatsu, na jiƙa da ruwan ɗumi ina cirewa, ina tsoron in tsinke mata ƙafa. Duk ta rame, bindin ya koma kamar zare.

Ranar kasuwar Ƙanƙara na hau keke na je wurin malamin dabbobi. Na bari sai da masu shanu suka watse, sannan na buɗe ƙwaryar. Ya leƙa, ya ja da baya, ya ce in ba wasa nake ba to in nemi mai yi mini addu'a. Wani dattijo Bamaguje daga wajen Ketare, Baba Nomau, shi ne ya biyo ni waje. Ya ce in riƙa ɗiga mata ruwa da auduga, kada in bari sanyi ya taɓa ta. Sai ya tambaye ni ko an yi feshi a ɗakin da aka tsince ta. Nan take na hau kekena na taho.

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba.

Kin tuna maganin feshin auduga da aka kawo mana bana, ga araha, kowa na ɗauka? Na ji ana cewa yana kashe kuɗin cizo. Na ga yadda kike kwana kina susa, sai na fesa a ɗakinku. Washegari tsakoki suka zubo daga bango a mace, kika tsinci wannan ƙaramar tana juyi a ƙasa. Na gani da idona. Da ina da hankali, ai wannan ya ishe ni ishara. Amma sai na ce magani ya yi kyau. Bayan mako biyu, ranar da innarki ta tafi suna, na sake fesawa, ban ma sirka da ruwa sosai ba. Har tabarmarki na jiƙa. Kika ce mini warin yana sa ki amai, na ce ki daure, ki rufe ƙofa kada ƙarfinsa ya fita.

Da safe kika fito kina tangaɗi, yawu na zuba, kika faɗi a bakin murhu. Uwani, tafiyar da kika yi daga ɗaki zuwa murhu, irin tafiyar tsakar nan ce. Na gane a take. A motar da muka samu zuwa asibiti, kanki na bisa cinyata, tayar ta kafe a laka sau biyu. Ba mu kai kwalta ba.

Wajen zaman makoki mata suka ce tsaka ce. Yarinya tana wasa da tsaka, tana cin abinci da hannun, me ake jira? Innarki ta yarda. Ni kuwa ina zaune a zaure, ana ba ni hannu, ana cewa Allah Ya ba ni haƙuri, na bar abin a kan halittar da ba ta da bakin musu. Wane irin uba ne wannan? Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa mini, na kuma yi imani. Amma me ya sa imanin bai hana ni jin warin nan a hancina ba, ko a sahun salla?

Jiya da hantsi innarki ta kawo mini fura gona, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta same ni durƙushe a kan ƙwaryar. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye furar, sannan ta ce ashe abin da ya kashe mata ɗiya nake kiwo. Ta ce ko in murƙushe ta a gabanta kafin Juma'a, ko ita ta koma gidansu a garin Sabuwa, kuma kada in aika biko.

Dutse ɗaya ya isa, Uwani. Ba ma sai na ɗaga hannu da ƙarfi ba, watakila ma ta riga ni ta mutu da kanta. Gida ya zauna, ba mai ƙara tambaya. Yau da safe na ɗauki dutsen. Na buɗe ƙwaryar, sai na tarar ta kife, tana ta fafutukar juyowa ita kaɗai. Na yar da dutsen, na juyo ta, na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Gobe Alhamis. In na dawo daga masallaci zan zaunar da innarki in faɗa mata komai, tun daga feshin farko. Ban san ko za ta ƙara kallon fuskata ba. In ta tafi, ba zan ga laifinta ba. Maƙwabta ma sai na bi su gida gida, don har yanzu akwai masu fesawa a ɗakin yara.

Ban san yadda uba ke neman gafarar ɗiyar da ba ta kai shekara tara ba. Ki yafe mini, uwata. Sai mun zo.

Ni ne babanki,
Sale, Ruwan Godiya