Na Ware wa Ɗan Farina Kwano, Yanzu Za Su Raba Ni da Shi

Gwaggo Maimunatu, salamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don kwanakin da suka rage mani ba su da yawa. Amma in "ki yi haƙuri" za ki ce, ki bar tawadarki, wannan duk wanda ya shigo gidanmu ya faɗa mani.

Ni 'yar Tafashiya ce, ina aure a Mawashi shekara biyar ke nan. Aji huɗu na yi a firamare, shi ya sa za ki ga rubutun a karkace. Maigidana malamin gona ne a Kankiya, sai Asabar da yamma yake zuwa gida a keke, shi ke kawo jaridar da nake ganin filinki. Gidanmu babba ne: shi da yayyenshi biyu da matansu, sai mahaifiyarsu da kowa ke ce ma Dada. Kuma ba gidan yunwa ba ne, Gwaggo, ki riƙe wannan. Ko shekarar farin nan da mutane suka sha wuya, rumbunmu bai ƙare ba.

Ɗiyana biyu. Ƙaramar, Murja, tana bayana, wata takwas. Babban shi ne ɗan farina, an haife shi shekarar da motoci suka koma hannun dama, ya haura shekara uku. Sunanshi Arzika. Ga shi na rubuta, kuma hannuna bai karye ba.

Kin san yadda ake da ɗan fari a wurinmu. Ba na kiran sunanshi, sai dai "kai yaro". Ba na ɗaukar shi gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi a tsakar gida sai in kau da kai, wata ta ɗaga shi. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Dada, ya zama nata. Na yi kunyar nan har ana kwatance da ni a unguwa, ana ce ma amare su yi koyi da 'yar Tafashiya. Ni kuwa sakarya ina jin daɗi.

To, dokar gidan tun zamanin marigayi mijin Dada ita ce ɗiyan gida akushi ɗaya suke ci, don su tashi da zumunci. Su bakwai ne yanzu. Arzika ne ƙaraminsu, wanda ke bi mashi shekarunshi shida, babban kuwa ya isa riƙe garma. Da bazarar bana baƙon dauro ya kama Arzika, ya tashi da kyar, bakinshi duk ya yi gyambo. Tun daga nan ba ya iya cin abu mai zafi. Sai a ajiye tuwo yana tururi, shi yana can yana hura lomar farko, su kuwa sun kai gindin akushi. Ba mugunta suke yi ba, yara ne. Dada ta ɗaga murya daga ƙofar ɗaki ta tambaya ko kowa ya ci, su amsa baki ɗaya, shi ke nan an rufe magana. Ita kuma idanunta sun yi yana shekara biyu ke nan, da murya take gane jikokinta, amma ba ta so a faɗa, ba kuma mai ƙarfin halin faɗa.

Ina kallo, Gwaggo. Wannan shi ke hana ni sukuni. Ina daka, ina satar kallonshi ta gefen ido. Na ga gashinshi ya yi ja ya yi laushi. Na ga ya daina bin kaji da gudu, sai ya zauna jikin rumbu ya yi shiru. Na ga yana kankarar ƙanzo a tukunya. Wata huɗu ina gani ina haɗiye magana, don kada a ce ta damu da ɗan fari. Da kumatunshi suka cicciko har matan gida na cewa ai ga shi ya fara ƙiba. Ran nan da hantsi kowa ya tafi gidan suna, na jawo shi, na danna bayan ƙafarshi da babban yatsa, sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

Ranar awon jarirai na nemi izinin kai Murja asibiti a Kankiya, na faki ido na ja hannunshi muka hau motar kasuwa. Malamar asibiti ta gama da Murja, ta dubi Arzika, ta ajiye alƙalami, ta tambaye ni ɗan wane ne. Ki ji abin da bakina ya saba: na ce ɗan gidanmu ne. Sai ta ce, "To ki koma ki turo mani uwarshi, don in yaron nan ya ƙara wata biyu a haka, ba magani za ku zo nema ba." Wallahi ban san lokacin da na ce ni ce uwarshi ba. Na faɗi sunanshi ta rubuta a kati, ina kuka gaban matan da ban sani ba. Ta ce ba sammu ba ne, ba ciwon shawara ba ne, tamowa ce, abincin da ke gina jiki ne bai samu ba. Ta ce a ware mashi kwano, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar a yini, kunun gyaɗa, wake, nono, zogale, ƙwai in an samu, kuma babba ya zauna har ya cinye. Duk abin da ta lissafa akwai shi a gidanmu.

Kafin in hau mota na sayi ɗan kwano mai murfi. Washegari da rana tsaka na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, na ce, "Arzika, zo ka ci." Gwaggo, yaron waiwayawa ya yi yana neman mai kiranshi. Bai taɓa jin na kira shi da sunan ba.

Gida ya ɗauka. Matan yayyen maigidana suka ce da ma na ɓoye a ɗaki, na ce abinci sau biyar ba ya ɓoyuwa, kuma ni ba sata na yi ba. Suka ce yau na raba kwano, gobe gandu zan raba. Na ce masu ɗiyansu sun cinye rabon nawa wata huɗu ban ce uffan ba. Na san na yi kaushi, ban kuma janye ba. Dada ta daina amsa gaisuwata. A rijiya an sa mani suna Marar Kunya. Uwar da ta haife ni ta aiko daga Tafashiya cewa na zubar masu da mutunci. Maigida kuwa, shi ma kunyar ɗan farin yake, ko katin bai karɓa ba, ya ce in bi a hankali. A hankali har yaushe?

Sati uku ke nan. Kumburin ƙafar ya saɓe, jiya har ya bi zakara da kara yana dariya. Su kuma sun zauna sun yanke cewa tun da na lalata shi da shagwaɓa, za a ba ƙanwar maigida, Luba, riƙonshi a Dudunni. Ana gama shigar da gero rumbu za ta zo, bai fi sati uku ba. Luba mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa yi mani komai ba, amma ɗiya takwas ne a gidanta, kuma su ma akushi ɗaya ne.

Ba zai je ba. In Luba ta zo sai dai ta ɗora mu mu biyu a kan jakin da ta zo da shi. Na yi tunanin in goya ɗaya in ja ɗaya in tafi Tafashiya kafin ranar, ko da za a rufe mani ƙofa a can. Ina son aurena, ban ƙi Dada ba, ta riƙe ni da kyau lokacin jego. Amma kunyar da zan yi a kan kabari ba na son ta. Ki faɗa mani, in tafi ko in tsaya?

Wadda suke ce ma Marar Kunya,
Mawashi.

AMSA

'Yata, wa alaikumus salam. Ba haƙuri zan ba ki ba. Kwanon nan yana nan daram, sau biyar a yini, kuma duk ranar da malamar asibiti ta sa miki ki koma da yaron. Saɓewar kumburi ba warkewa ba ce, yaron da ya yi tamowa yana bukatar watanni, kuma sauya masa gida yanzu hatsari ne. A kan wannan kina da gaskiya.

Amma kada ki tafi Tafashiya. Kwana biyu za a yi a aiko a karɓe shi, a ce ga shi ta gudu da ɗan mutane, daga nan kuma ba ki da bakin magana. A cikin gidan za ki ci wannan yaƙi.

Yanzu ki saurari ɗaya ɓangaren, ko da ranki ba ya so. Waɗanda suka kafa kunyar ɗan fari ba ƙiyayya suka nufa ba. Sun ga yarinya ce ta haihu, ba ta san komai ba, sai suka ɗora nauyin a kan kaka wadda ta ga jiya. Akushi ɗaya ma ya tarbiyyantar da mutane da yawa, har da ni. Sai dai al'adar ta dogara ne da kaka mai ido. Ku taku ba ta gani, kuma duk gidan kun taru kun rufa mata asiri har yaro ya kusa tafiya. Ranar da kika shimfiɗa tabarmar nan, abin da Dada ta ji shi ne an shelanta wa unguwa cewa ta kasa riƙon jikanta. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na ga abin da kika gaya wa matan gida, na ga na maigida, ban ga inda kika zauna da Dada kika gaya mata abin da aka ce a asibiti ba. Ina jin har yau tsohuwar nan ta ɗauka jikanta lafiya lau yake, ke ce kawai kika yi fitsara.

Ki je mata da safe, ke kaɗai da yaranki. Ki durƙusa ki gaishe ta ko ba ta amsa ba. Kada ki ambaci idonta ko da wasa. Ki kama hannunta ki zagaya shi a dantsen Arzika, ki sa mata dantsen Murja a ɗaya hannun, ki yi shiru. Matar da ta reni 'ya'ya da jikoki ba ta bukatar kati ta gane ɗan shekara uku bai kai 'yar wata takwas kauri ba. Sannan ki miƙa mata kwanon. Ke ki dafa, ya ci a ƙofar ɗakinta, ita ta kira shi, ke ki zauna kusa ki tabbata ya cinye. Da yamma, bayan ya ƙoshi, ya je ya sa hannu a akushi tare da 'yan uwansa, don kada a ce an ware shi. In kwanon ya zama na Dada, ba wanda zai ƙara cewa a kai yaron Dudunni.

Matan gida kuma ki je ki ba su haƙuri a kan maganar 'ya'yansu. Yara ba su yi laifi ba, ke ma kin faɗa. Za ki bukaci bakinsu nan gaba.

Maigidanki, tunda shi ke kawo jaridar, ga nasa. Malam, asibitin nan a garin da kake aiki yake. Ka ɗauki katin ka je ka ji da kunnenka. Kai da ke yini kana koya wa manoma ba shuka tazara, ka san abin da ke samun ƙaramar da manya suka rufe. Ciyar da ɗa a wuyan uba yake, ka tambayi limaminku ko kunya tana sauke shi. Kai za ka hau keke ka je Dudunni ka ce wa Luba a dakata, ba sai ta zo ta tarar da rigima ba.

In kuma an yi duk wannan, 'yata, suka nace sai ya tafi, to ki tsaya a ƙofarki da ladabi, ba zagi ba ɗaga murya, ki ce a je gaban dagaci da katin asibiti. Su kira ki duk sunan da suka ga dama. Ni an yabe ni da kunya a ƙuruciyata fiye da yadda aka yabe ki. Nawa ɗan farin, zawo ya yi kwana shida ina kau da kai, ina jiran manya su lura. Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwarsa, kuma masu yabon ko ɗaya bai tuna sunansa ba.

Allah Ya raya miki Arzika da Murja, Ya sanyaya zuciyar Dada, Ya zaunar da gidanku lafiya.

Gwaggo Maimunatu