Surukina ya sanyaya taransifoma da tef

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni ma'aikacin lantarki ne a wata masana'anta. Shugaban sashenmu surukina ne, shi ya kawo ni aikin, kuma har yau ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba.

Muna da na'urar da ke nuna zafin taransifoma a allo. Da can kullum da azahar sai ta yi ta kuka, wai zafi ya wuce kima. Wata uku ke nan ta yi tsit, digiri sha tara take nunawa komai zafin rana. Har takardar yabo manaja ya ba surukina a kan haka, tana nan rataye a falonsa, duk baƙon da ya shigo sai ya karanta ta.

Ni dai hankalina bai kwanta ba, don in ka tsaya kusa da taransifomar gumi kake sharɓewa, ga ƙaurin mai. Na duba wayoyi, na sake saiti, har zagin masu ƙera na'urar na yi, Allah ya yafe mini. Shekaranjiya na bi wayar da hannu har ƙarshenta. Anti, ɗan ƙarfen da ke jin zafin an cire shi daga jikin taransifomar, an manna shi da tef a bakin iyakwandishan! Naɗin tef ɗin kuwa na san shi, mutum ɗaya ne ke lanƙwasa bakin tef haka. Da na auna zafin taransifomar da ma'aunin hannu, digiri casa'in da takwas na gani.

In na yi magana, na tona asirin kakan 'ya'yana. In na yi shiru, mu shida ne ke aiki kusa da ita. Wallahi tsoro nake ji.

Mai Kunyar Suruki

Ɗana, barka dai, yanzu kun tabbatar iyakwandishan ɗinku lafiyarta ƙalau.

Ba na zaton surukinka mugu ne. Kukan na'urar ne ya ishe shi, ya ɗauka ƙarya take yi, ya rufe mata baki. To amma taransifoma ba ta san suruki ba.

Yau ɗin nan ka mayar da ƙarfen mazauninsa, ka gwada abin da allo ya nuna da na ma'aunin hannu, ka rubuta. Sannan ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa yadda ka saba, ka ce ga abin da ka tarar, ba sai ka ce ka gane naɗin tef ba. Ka roƙe shi ya kai maganar gun manaja da bakinsa, a rage wa taransifomar lodi, a duba man da ke cikinta da fankokinta. In ya ƙi, ka kai da kanka kafin a tashi aiki.

Kada ka aiki matarka, ba ita ta riƙe ma'auni ba. Wataƙila ta yi fushi da kai na mako guda, ka jure, ya fi mata zaman makokin miji da uba a rana ɗaya. Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya tsare ku duka shidan.