Goshina da Ƙasa

Litinin, 5 ga Mayu

Yau wata biyu cif da 'yan fashi suka shigo kantin maganin da nake aiki. Sha ɗayan safe, ina bayan kanta ina haɗa wa wata mata maganin tari. Suka ce kowa ya kwanta rub da ciki. Na kwanta, goshina a kan tayil. Suka harbi Baba Maigadi a bakin ƙofa. Bai kai asibiti ba.

Tun ranar ban koma aiki ba. Ban kuma yi sujada ba. A nan kaɗai zan iya faɗin wannan. Da zarar goshina ya doshi ƙasa sai numfashina ya ɗauke, in ji sanyin tayil ɗin nan. A kan kujera nake salla. Na ce wa Abban yara gwiwata ce. Bawan Allah ya sayo mini man zafi. Ni da nake sayar da man zafi!

Alhamis, 8 ga Mayu

Yaya ta zo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke dai ki ƙara tawakkali. Mai imani ba ya zama haka.” Na san don ƙauna ta faɗa. Amma da ta tafi na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Auta ta ji kukana.

Idan imanin ne ya tafi fa?

Talata, 13 ga Mayu

Hajiya mai kanti ta bugo waya. Ba ta tambayi yaushe zan dawo ba. Ta ce akwai wata likita a asibitin da ke bayan tasha, aikinta sauraron mata irina. Na ce, “Hajiya, ni fa ban haukace ba.” Ta ce, “Ni ma ban haukace ba, kuma sau huɗu ina zuwa.”

Zan je. Na gaji da ƙaryar gwiwa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ɗan ƙaramin ɗaki ne a hawa na biyu. Kujeru biyu, fanka mai ƙara, kwalin tishu, da darduma a naɗe kan durowa. Sai da na ga dardumar hankalina ya ɗan kwanta. Ma'aikatan wurin Anti Likita suke ce mata, ni ma na bi sahu. Gajeriya ce, gilashinta kullum yana zamewa.

Ta tambaye ni kujerar da nake so. Na zaɓi mai kallon ƙofa. Ta zauna a ɗayar.

Sai da lokaci ya kusa cika na faɗa mata maganar sujada. Ina jira ta yi salati ta riƙe baki. Sai ta ce, “Amma ba ki bar sallar ba?” Na ce ko sau ɗaya. Ta ce, “To wadda imaninta ya tafi ce take jan kujera sau biyar a rana?”



Ta ce jikina ne ya riƙe abin da ya faru, har yanzu yana zaton muna kwance a kanti. Ciwo ne, kuma yana da magani. Hukuncin salla kuwa, ta ce ita ba malama ba ce, in tambayi wadda na yarda da iliminta.

Asabar, 17 ga Mayu

Na tsaya bayan an tashi daga islamiyya na tambayi Malama. Na ce wata ƙawata ce. Ta ce a gaya wa ƙawar larura larura ce, ta yi yadda za ta iya, ta nemi magani, sallarta tana nan. Da zan fita ta ce, “Ki gaishe ta. Ki ce ina sa ta a addu'a.” Ta ɗan matse hannuna. Ta gane, mana.

Alhamis, 22 ga Mayu

An ba ni aikin gida kamar 'yar firamare. In ja numfashi a hankali, in sake shi da tasbihi, ƙafafuna a ƙasa, in faɗi abubuwa biyar da nake gani a ɗakin. Sannan in ɗora goshina a kan tebur, daƙiƙa goma. Tebur kawai.

Na yi shida na miƙe. Gobe bakwai.

Lahadi, 25 ga Mayu

Goma.

Laraba, 28 ga Mayu

Na faɗa wa Abban yara gaskiya. Ya zuba mini ido har na tsorata. Can ya ce, “Kusan wata uku kina ɗauke da wannan, ni kuma ina ta fama da gwiwa?” Na yi dariya, ya yi, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce me zai yi. Na ce ya zauna kusa in ina gwadawa, kada ya yi magana. Wannan ne zai ba shi wuya.

Alhamis, 5 ga Yuni

Yau ba daɗi. Na gwada kan darduma a ɗakin Anti Likita, wani ya buga ƙofa a ƙasa, na zabura har na ture fanka. Na ce mata na bari, ba zan iya ba.

Ta bar ni na huce, sannan ta ce, “Lokacin da kike kwance, me kike ji?”

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Baba Maigadi yana kira. Ba sunana ba, 'yata yake cewa, yadda ya saba. “'Yata, ruwa.” Sau uku. Taku biyar ne tsakaninmu. Ban ɗaga kai ba. Ni da na san yadda ake tsayar da jini.

Ta tambaye ni ina mai bindigar yake a lokacin. Na ce a kaina, takalminsa yana taɓa mayafina. Ta ce, “Da Auta ce a kwance a wurin, za ki ce mata ta tashi?”

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa. Ta miƙo tishu. Da na natsu ta ce in ina so mu yi masa addu'a tare. Muka yi.

Ban bari ba. Alhamis zan koma.

Asabar, 14 ga Yuni

Na je gidan Baba Maigadi. Sau biyu ina juyawa a bakin layi. Matarsa tana wanki, ta share hannu ta rungume ni. Na faɗa mata duka, har da ruwan. Na zaci za ta sake ni.

Ta ce, “Yarinya, da kin tashi, da gawa biyu aka fitar. Kina ganin shi zai so haka?” Sai ta shiga faɗa, wai na rame, wai ba a ba ni abinci ne.

Litinin, 23 ga Yuni

Sujada ɗaya a la'asar, ƙofa a buɗe, Abban yara a bakin gado. Tasbihi uku, da ƙyar. Ta biyun a zaune na ƙarasa. Amma ɗaya ɗaya ce.

Alhamis, 3 ga Yuli

Anti Likita ta ce kada in yi gaggawa, wata rana za a ci gaba, wata rana a koma baya. Na ce na sani. Na ce Litinin zan koma kanti, rabin yini. Ta gyara gilashi ta ce, “Ke kika yanke?” Na ce ni.

Litinin, 7 ga Yuli

Na koma. An ɗauki sabon maigadi, matashi, bai san ni ba, har yana tambayata me zan saya.  Sau biyu na shiga sito na yi numfashin nan.

Wajen azahar wata tsohuwa ta zo sayen maganin hawan jini. Murfin kwalbar ya suɓuce mata, ƙwayoyin suka watse har ƙarƙashin kanta. Ta ce wayyo bayanta. Na zagayo na durƙusa ina tsince mata, na kwantar da kai ina leƙen na can ciki, ita kuma tana ta ba ni labarin surukarta.

Sai a mota na tuna a kan wane tayil na kwantar da kai.

Ba zan ce komai ba tukuna. Gobe ƙarfe takwas zan fita, Hajiya ta ce akwai kayan da za a jera.