Surukina Ya Ɗauke Ni Kakar Amarya

Tanti Ummu, don Allah ki taimake ni da shawara. In dariya ta kama ki, ki yi abinki, don a gidanmu an riga an yi wadda ta ishe ni.

Ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai. A Madawa nake zaune, asalina Galma. Lakwal, wato boko, ban yi nisa ba, sai ki yi haƙuri da rubutun. Maigidana ya rasu bara da damina, bayan ciwo na kwanaki kaɗan. Fataucin albasa yake yi, yana bin kamiyo, babbar motar kaya, har Abijan. Mutumin kirki ne, Tanti, bai taɓa ɗaga mini murya ba sai in yana kirana in zo in ga abin dariya. Ya bar ni da 'ya'ya mata da tsohuwarsa, wadda muke ce wa Inna.

Duk tafiyar da ya yi, sai ya dawo da atamfa turmi biyu iri ɗaya, ɗaya tawa ɗaya ta Inna, wai kada wata ta ga ta wata ta fi. Yadda yake zaɓen buhu haka yake zaɓen zane. Ya murza, ya ja, ya ɗaga wa rana, in bai ga haske ta ciki ba ya ce wannan shi ne. Launi kuwa bai wuce uku ba: ruwan ƙasa, ruwan toka, sai na ɓawon albasa. Kuma da kansa yake kai ɗinki wajen telansa, wanda manyan rigunan maza kaɗai ya iya. Ba a taɓa auna ni ba. Maigidan ne yake buɗe hannuwa ya ce wa tela, "Kamar haka take." Bubar da ke fitowa, ni da buhun hatsi za mu shiga mu zauna lafiya.

Amma duk ranar da na sa, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Kai, yarinya! Ina za ki haka? Yau Madawa ta shiga uku." Ya ɗora ni bayan moto, wato babur ɗinsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa yana ta oda ba dalili. Ni kuwa ina baya ina sunne kai, ina jin duk garin babu kamata. Haka muka yi zamanmu.

Da na fita takaba, 'yata ta biyu, Hafsa, ta kawo mini wani leshi ruwan ganye. Na sa hannu na kasa. Na koma wa kayan da ya saya mini. Na ƙara da tirikonsa na sanyi a ƙarƙashin buba, ko ana zafi, don har yanzu da sauran ƙamshinsa. Ina sa takalmansa na fata, sun yi mini yawa, sai in ja ƙafa. Ina kuma sa tabaransa na likita. Ba na gani sosai da su, ƙasa tana yi mini kamar gangare, shi ya sa nake tafiya a hankali ina laluben bango. Amma in na sa su sai in ji kamar muna kallon abu tare. Kallabi kuwa har kan gira nake ɗaura shi, yadda Inna ta koya mini tun ina amarya.

Abin ya fara ne a hanyar Bangi, ranar kasuwa. Ina isa tasha, yaran mota suka ce a ba tsohuwa gaba. Gaskiya wannan ban yi gardama ba, kujerar gaba da daɗi. A kasuwa kuma wani mutum mai furfura ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na zare tabarau na duba, ashe Tanimu ne, wanda muka yi aji ɗaya a Galma, mai sace mini alli. Ya girme ni, don sau biyu yana maimaita aji kafin in iske shi. Ya ce, "Inna, ina ɗiyarki da muka yi lakwal tare? Na ji mijinta ya rasu." Uwata ya ɗauke ni, wadda ta daɗe a ƙasa! Na ce tana nan lafiya. Ya ba ni goro, ya ce in sa masa albarka. Na sa masa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ga babbar.

Ɗiyata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba ko a takarda, an sa ranar aurenta bayan kaka. Yaron da zai aure ta malamin lakwal ne, mutumin Kaita. Kin san al'adarmu. In ya zo zance, ni ina ƙuryar ɗaki, bai taɓa ganin fuskata ba. To, ran nan ya zo da rana tsaka ba a zata ba, ya iske ni da Inna a gindin bishiyar bedi muna tsinkar zogale, cikin atamfa iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya. An gaya masa akwai kakar yarinya a gidan. Shi kuwa ya ga kaka biyu, ya ce riba ce.

Ya cire takalmi ya zauna, ya fara wasan jika da kaka. Ya taɓa Inna kaɗan, sannan ya juyo kaina. Wai, "Ke tsohuwa mai tabarau, ke zan fara aura, jikarki ta jira. Haƙora nawa suka rage, in san naman da zan sayo?" Ya ce in tashi in taka ya ga ko zan kai ɗakin amarya ko a amalanke za a kai ni. Tanti, yaya zan buɗe baki in ce ni ce uwarta? 'Yar fari ce! Ko a gaban ƙawayena ban taɓa faɗa ba. Na yi shiru ina ƙara jan kallabi, shi kuwa ya ɗauka kurumta ce, ya matso yana maimaitawa da ƙarfi. Inna, maimakon ta cece ni, ta kife kan kwando tana dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwar ɗanta.

Hafsa ce ta fito ta ce wa malamin, "Mushe, ai Mamanmu ce." Ban taɓa ganin babban mutum ya tashi haka ba. Ya bi ta kan akuya, ya fice ba takalmi. Motonsa ma sai da yamma wani abokinsa ya zo ya tura. Tun daga ranar bai sake takowa ba. Ya ce wa yarinyar shi ba shi da fuskar da zai shigo da ita gidan nan, sai dai a ɗaga auren har ya nemi canjin wurin aiki. Ita tana kuka, in ta dubi bubata sai ta ƙara. Takalmansa suna nan bayan randa.

Amma abin da ya hana ni cin tuwo shi ne maganar ƙawata Jaratu. Ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Kishi ne ya sa maigidanki ya naɗe ki kamar kayan da za a loda a kamiyo, don kada kowa ya dube ki. Yana ce miki yarinya, kina washe baki." Wasa take yi, na sani, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na tsaya gaban madubin Hafsa, na cire tabarau, na duba da kyau. Tanti, ni ma da na gamu da matar nan a hanya, durƙusawa zan yi.

To ashe duk shekarun nan haka nake? Ƙarya yake mini? Ba ni da wanda zan tambaya, mai amsar ya tafi. In na ajiye kayan nan, kamar na yarda da Jaratu. In na ci gaba da sawa, ban san wanda zai sake neman aurena cikin surukaina ba. Ki gaya mini gaskiya ko da ba daɗi.

Taki,
Mai Buba Ruwan Ƙasa, Madawa

Amsar Tanti Ummu

'Yar'uwata, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Na yi dariyar da kika ba ni izini, har abokan aikina suka leƙo. Da na kai ƙarshe kuma na goge ido.

Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai. Ban san marigayin ba, amma na san maza masu kishi, wasiƙun matansu sun cika mini tebur. Mai kishi ba ya ɗora matarsa a moto ya bi tsakiyar kasuwa yana oda don a juyo. Ta bayan gari yake bi. Mijinki bai iya zaɓen zane ba, wannan kam ko a gaban alƙali zan faɗa. Ya sayo miki abin da ya ga ya fi ƙarko, don a sana'arsa abu mai ƙarko shi ne mai daraja, ya kuma ba ki irin abin da ya ba mahaifiyarsa. Sa'ad da yake cewa Madawa ta shiga uku, ke yake kallo, bubar ko ganinta bai yi ba. Jaratu ta gane ɗinki, ba ta gane mutumin ba. Ki gaya mata maganarta ta yi miki ciwo, ina jin ba ta sani ba.

Amma su Hafsa ma suna da gaskiya, kuma madubi ya gaya miki. Tabarau ɗin nan ki cire su yau, ba gobe ba. An yi su ne don idonsa. Su ke sa ki lalube da tafiyar tsofaffi, kuma za su iya kayar da ke ko su sa miki ciwon kai. In kina jin idonki ya rage, ki je likita a auna naki. Takalman ma haka, mace mai jan ƙafa ko cikin leshi take an ba ta kujerar gaba. Tirikon ki ninke shi ki sa ƙarƙashin matashi. Can ƙamshin zai fi daɗewa, don zufarki ce ke cinye shi.

Atamfofin ba sai kin rabu da su ba. Launin ba shi ne babban mai laifi ba, yawan yadin ne, da kuma haɗa duhu kan duhu tun daga kai har ƙafa. Ki ɗauki Hafsa ku je wajen tela mace, ta auna ki da awo na gaske, ta rage faɗi, ta gyara wuya da kafaɗa. Ki ɗaura zanen ruwan ƙasa da riga ko mayafi mai haske. Launin ɓawon albasan nan in ya samu fari ko ruwan ƙwai kusa da shi, kyau gare shi ƙwarai. Kallabi ya koma baya, a ga goshinki. Kin fita takaba, tozali da lalle sun halatta gare ki. Guda ɗaya cikin bubobin, wadda ya fi yi wa kirari, ki bar ta yadda take, ki sa a ɗaki duk ranar da kewa ta taso. Ba ruwan kowa da wannan.

Kada kuma ki tsallaka ɗaya gefen. In Hafsa ta ce ki matse kamar ita, ko wata ta kawo miki man canza fata, ki ce kin gode. Mace mai shekarunki cikin kayan 'yan mata ta fi mai buba tsufa a ido. Abin da muke nema ki fito daidai shekarunki.

Ankonku da Inna ki bi shi a hankali, don ita ma ɗanta take sawa a jiki. Kada ta farka ta ga kin sauya gaba ɗaya. Ki gaya mata da bakinki, ku raba kwana: ranar da ta sa mai toka, ke ki sa wata.

Shi kuwa ɗan Kaita, maganinsa yana hannun Inna. Ita ce kakar gaske, wasa da shi hakkinta ne. Ta aika masa cewa takalmansa suna tsare a wurinta, ba za ta sake su ba sai ya zo da kansa da goron tara, kuma ta ji haushi da ya tsallake ta ya nemi wata. In an mai da abin wasan kaka, zai samu ƙofar shigowa. Ranar ke ki shige ɗaki kamar yadda kika saba. Ya gaishe ki daga bayan labule, ki amsa a taƙaice, kada ke ko shi wani ya sake tayar da zancen har abada. Kunyar da ta rufe miki baki ran nan ita za ta rufe maganar. Kada a ɗaga aure saboda wannan, ki sa a gaya wa ɗiyarki haka tun yau don ta daina kuka.

Ranar biki ki sa leshin da Hafsa ta kawo, ko atamfar mahaifinsu da aka gyara, duk wadda zuciyarki ta ɗauka da safen. Ko wacce kika sa, ba ki ci amanarsa ba, kuma ba ki yarda da Jaratu ba. Allah Ya sa a yi taro lafiya, Ya ba yaran zaman lafiya irin wanda kuka yi, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Tanti Ummu